Hadisin Igiya a Zamanin Inji

Da wuya ka sami mai sana'ar itace da bai san hadisin igiya ba. Ko wanda karatunsa bai wuce allo ba ya ji shi a bakin malamai, cewa Manzon Allah (SAW) ya fifita mutumin da zai ɗauki igiya ya ɗauro itace a gadon bayansa ya sayar a kan wanda zai tsaya yana roƙon jama'a. Yana cikin Bukhari. Shi ne garkuwarmu duk ranar da wani ɗan boko ya tsaya a bakin rumfa yana yi mana karatun kwararowar hamada. To amma tun da na sayi injin yanka wata tambaya ta hana ni sakat. Hadisin nan maganar igiya ya yi, da bayan mutum ɗaya. Albarkar da ke cikinsa ta biyo mu har kan inji da a-kori-kura?

Wurina ba wani babba ba ne. Fili ne a gefen gari, inji ɗaya, yara masu faskare, sai motar haya in kaya sun taru. Masu gidan burodi ne manyan abokan cinikina, sai masu tsire, masu ƙosai da matan da ke girkin biki. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son injin nan. Na tashi na ga abin da gatari ya yi wa mahaifina: tafin hannu duk kanta, baya ya ranƙwafa tun bai tsufa ba. Gungumen ƙirya da zai wuni yana fama da shi, yanzu kafin shayi ya huce an datsa shi gida biyar.

Aikin ma yana da nasa ladabin. Da sassafe yaron da ke riƙe injin zai zauna da magagari yana bin haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take watsowa, in ta dakushe sai ka ga gari lukui yana fita, inji na kuka, mai na ƙonewa a banza. Itacen masu burodi a yanka da tsawo, na murhun gida gajeru. A faskara, a jera kan duwatsu don kada gara da laima su taɓa, a bar hanyar iska tsakanin layi da layi. In hunturu ya buga shi, ka haɗa guda biyu ka ƙwanƙwasa, za ka ji amo tas, ka ga bakinsa ya tsattsage. Ko dusar katakon ba ta ɓata, masu kiwon kaji na zuwa da buhu. Addinin da ya hore mu da kyautata aiki ba zai ƙi wannan ba.

Damuwata tana wani wuri. Inji ya ɗauke mana gajiya, kuma ashe gajiyar nan ce ke gadin daji. Baba busasshen itace yake nema, domin ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, jaki ba zai kai shi gari ba. Ƙatuwar ɗorawa kuwa ko kallonta ba ya yi, wa zai ɓata kwanaki a gindinta? Ban ce Baba ba mai tsoron Allah ba ne, Allah ya jiƙansa. Amma tsoron nasa yana da mataimaki. Kafin son rai ya kai shi inda bai kamata ba, damtse ya riga ya ce ya isa. Ni ba ni da wannan mataimakin. Inji ba ya cewa ya isa sai mai ya ƙare.

Man ma shi ne ke ƙara ingiza mu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya zuba mai a inji dole ya nemi bishiya mafi kauri don ya mayar da kuɗinsa. Gas ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma itace da gawayi. Dazuzzuka irin na Birnin Gwari da Rugu kuwa shigarsu ta zama sayar da rai. Sai ido ya dawo kan itatuwan gona: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Manomi ne zai zo da kansa, ɗansa na kwance a asibiti, ya ce ga ɗorawar da kakansa ya bari, nawa za ka saya?

Na kai maganar wurin malamin unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, tasa ce, ya sayar da yardarsa, na biya. Ina laifina?" Ya ce ciniki kam ya inganta, babu alƙalin da zai warware shi, amma ingancin ciniki daban, haƙƙi daban. Ya tuna mini da hadisin da ke cikin Abu Dawud mai tsoratarwa kan sare magarya, wanda shi Abu Dawud ɗin ya fassara da magaryar daji da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta babu dalili. Ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, wadda Imam Malik ya ruwaito, inda ya hana su sare itatuwa masu 'ya'ya. "Wannan fa a fagen yaƙi ke nan, Alhaji," in ji shi, "a ƙasar abokan gaba. Kai kuma a gonar maƙwabcinka kake."

Abokan sana'a suna da amsa guda: in ba ka saya ba wani zai saya. Gaskiya ne, na gani da idona, bishiyar da na ƙi yau jibi ta wuce ta gabana a motar wani. Sai dai ban taɓa jin inda aka yafe wa mutum laifi don wani ma zai aikata ba. Haka kuma ban yarda da masu cewa a daina sana'ar gaba ɗaya ba. Su je su faɗa wa bazawarar da ke riƙe marayu da kaskon ƙosai ta sayi tukunyar gas. Hadisi ya sa wuta cikin abubuwa uku da mutane suka yi tarayya a kansu, tare da ruwa da ciyawa. A fahimtata tarayyar nan ce ta ba matar nan haƙƙin samun itace, ita ce kuma ta hana ni cinye rabon jikokinta.

Kuma ba dole ba ne sai bishiya ta faɗi kafin tukunya ta tafasa. Mutanen Maraɗi sun nuna haka. Tun shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, kuma daga rassan da suke ragewa suke girki har su sayar.

Ni dai na yi wa injina iyaka da kaina. Busasshe, wanda iska ta kayar, rassan da aka rage, da darbejiya da turare waɗanda ke sake tohowa bayan an yanke. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da gawo da ke tsaye da ransu, ko kyauta ba na so. Ya ja mini asara, domin wasu masu burodin sun koma inda za su sami ƙirya da marke ko ɗanyu ne, ba sa tambayar daga ina.

Roƙona ga malamanmu shi ne, duk ranar da za ku karanta mana hadisin igiya a wurin wa'azi, ku haɗa da na magarya a zama ɗaya. Yawancin masu sauraronku yanzu inji ne a hannunsu.