Gonar Tasa ce, Itacen fa?

Wanda ya ratsa gonakin Madarumfa da rani zai ga abin ɗaure kai: gonaki biyu, iyaka ɗaya, wannan cike da gawo da kalgo da aka gyara, waccan kuwa sai kututture da sabarar da ba mai waiwayarta. Mai saurin hukunci zai ce lalaci ne. Amma kafin a ɗora wa mai gona laifi, ya kamata a tambaya ko ya taɓa sakankancewa cewa itacen nasa ne.

Tun daga dokar daji ta Faransa ta 1935 har zuwa wadda Nijar ta kafa a 1974, gawo da wasu itatuwa suna ƙarƙashin kariyar hukuma, ko da a tsakiyar gonar gado suka tsiro. In manomi ya sari reshe ba izini, ma'aikacin daji ya ci shi tara. Sai ya koyi tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa shari'a. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya soma yaɗawa a ƙauyukan Maraɗi daga 1983, bai zo da sabon iri ba; tohon tsofaffin kututture ake zaɓa a rena. Abin da ya sauya shi ne manomi ya fara yarda cewa shi zai ci moriyar wahalarsa, kuma dokar karkara ta 1993 da ta daji ta 2004 suka ƙarfafa masa gwiwa.

To, me ya hana sauran? Wani gonar aro yake nomawa, ko ta jingina, kuma a al'ada dasa itace a ƙasar wani tamkar da'awar mallaka ce. Kunya ma ta isa ta hana shi. Wata gonar gado ce da ba a raba ba, magada suna Maraɗi da Katsina, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Wani ya yi shekara huɗu yana reno, aka sare masa cikin dare. Waɗannan duka suna da hanzari.

Wanda uzurinsa ya fi rauni shi ne attajirin birni da ya sayi fili don ajiyar dukiya, takarda a hannu, ba ya tsoron tara ko magaji. Shi yana ganin bai cuci kowa ba, tunda bai taɓa komai ba. Sai dai iskar farkon damina ba ta san iyaka ba: daga filinsa da ke tsirara take kwasar rairayi, ta binne tsiron geron maƙwabcinsa, wanda dole ya sake shuka da irin da ya ranto.