Wa Zai Biya Wa Ɗan Talaka Kuɗin Kallo?

Jama'a, tambayar da nake so mu dube ta tare ita ce: shin kai yaran makaranta kallon wasa a dandali wani ɓangare ne na ilimi, ko kuwa ƙawa ce da ta dace da masu hali kaɗai?

Abin da ya jawo tambayar ya faru ne lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa wata ƙaramar sakandare a karkarar Funtuwa. Muna karanta Uwar Gulma, sai na lura yara na karanta shi kamar hadda, ba dariya ba jimami. Da na bincika, ashe babu ko ɗaya da ya taɓa ganin an ɗora rubutaccen wasa a dandali. Muka shirya zuwa Zariya kallo, aka yanka wa kowa kuɗin mota. Ranar tafiya 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata suka shiga mota, 'ya'yan ƙananan manoma kuwa suka tsaya bakin taga suna kallonmu. Har yau ban manta da idanun nan ba, don na tabbata a ranar mun koya musu wani darasi da ba ya cikin manhaja, wato ilimi ma yana da ƙofar masu kuɗi da ta talakawa.

To, na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo, ina ita ina kallon wasa? Ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Ga kuma tsoron hanya, domin tun da aka sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyayen yankinmu ba sa sakin jiki da fitar 'ya'yansu. Wani kuma zai ƙara da cewa ai ɗan ƙauye ba baƙon wasa ba ne, yana da tashe da kalankuwa da dambe da kokawa.

Duk na yarda. Amma fa benci wurin zama yake ba yaro, ba ya ba shi dalilin zama. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya ga ɗalibin jami'a, ɗan manomi irinsa, ya tsaya gaban jama'a yana fito da halin azzalumin miji ko mayaudarin dillali da harshen da ake yi a gidansu, zai gane abu biyu: cewa rayuwar gidansu ta isa a yi nazarinta, kuma cewa jami'a ba ta fi ƙarfin irinsa ba. Dandalin wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a tsakiyar shekarun 1970, da ƙasa aka yi shi, ɗakuna kewaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Ashe kuwa ɗan ƙauye ya fi kowa cancantar shigarsa.

Daɗin daɗawa, mu mutanen Funtuwa bai kamata a koya mana darajar fasaha ba. A garin nan Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa, kuma jami'ar nan ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Shin daidai ne a karrama mawaƙin talakawa a zauren jami'a, amma jikokin waɗanda suka yi masa kari su kasa taka ƙofarta?

A nawa ɗan tunanin, adalci a nan ƙa'ida ɗaya gare shi: ko aji ya tafi gaba ɗaya, ko kowa ya zauna. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasarmu ta masara da dawa da auduga ce. Manomin da ba shi da tsabar kuɗi da damina, ba zai rasa tiya ɗaya ko biyu da kaka ba. Ƙungiyar iyaye da malamai na iya tara wannan a asusu guda, tsofaffin ɗalibai da masu motocin haya su cika, ba tare da an san wane ya ba da nawa ba, don kada taimako ya zama gori.

In kuma hanya ta hana, ai akwai abin koyi a ƙofar gidanmu. A 1979 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Zariya sun zo Maska, suka saurari koke-koken manoma, suka shirya wasa da Hausa suka nuna a fili, kamar yadda suka yi a Soba a 1977. Ba su jira talaka ya nemo kuɗin mota ba, su suka nemo shi.

Saboda haka, ya 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya, kafin mu nuna gwamnati da yatsa, mu tambayi kanmu. Muna shirya wasanni muna tafa wa junanmu a cikin harabar jami'a. Me zai hana kowane zango mu ware wasa ɗaya mu kai wata makarantar ƙauye, ko mu keɓe kujeru kyauta mu gayyato su? Da yawanmu daga irin waɗannan azuzuwa muka fito, wasunmu ma su ne na bakin taga.

Allah Ya sa mu dace, amin.