SHEKARUNKA NAWA NE?

Ya mai karatu, ka san mai aunen da yakan doki gindin tiyarsa don hatsi ya ragu. Ka san kuma mai albasa a Tsarnawa wanda yakan jera manya a bakin buhu, ruɓaɓɓu kuwa a ƙasa. Dukanmu muna ce da su macuta. To, yaya za mu ce da uban da ya rage wa ɗansa shekaru a takardar haihuwa domin ya shiga ƙwallon yara?

An raba 'yan wasa bisa ga shekaru ne domin kada ƙato ya danne yaro. Idan saurayi mai shekara 20 ya shiga cikin 'yan ƙasa da 17, ya ƙwace wurin wani yaro mai gaskiya, wanda zai koma gida da hawaye. Wannan sata ce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara 2 daga wasannin matasa saboda kwanakin haihuwar waɗansu 'yan wasa sun saɓa. A 2009 aka fitar da ƙungiyarmu ta Nijar daga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Aljeriya saboda shekarun ɗan wasa, Malawi ta gaji wurinmu. A shekarar nan ce FIFA ta soma duba ƙashin wuyan hannu da na'ura, gama ƙashi yakan gama haɗewa idan yaro ya girma. Takarda takan yi ƙarya, ƙashi ba ya yi.

Idan na'urar da mutum ya ƙera tana ganin ƙashi, balle Allah wanda ya yi ƙashin? Shi ya ƙidaya kwanakinka tun kana cikin uwarka. Littafin Misalai 11:1 ya nuna mana Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Manzo Bulus kuma ya tuna wa Timoti cewa ladan wasa na wanda ya bi ka'ida ne kaɗai (2 Timoti 2:5).

Watakila za ka ce, “Ai kowa yana yi, talauci ne.” Amma ka duba abin da kake koya wa ɗanka: cewa ƙarya ita ce hanyar cin abinci. Kai malami, kai mai horad da yara, hannunka ne ya rubuta, kai za ka amsa.

Akwai gafara. Zakka ma macuci ne, amma da Yesu ya shiga gidansa, ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu (Luka 19). Yesu Almasihu ya mutu domin maƙaryata, ya tashi kuma. Ka furta zunubinka gare shi yau, ka je ka gyara takardar, ka bar yaron ya yi wasa da tsaransa. Gara a ci ku da gaskiya da ku ɗauki kofi da ƙarya.