Kunya da Lissafi a Asusun Matan Karkara

Ba yau matan karkara suka fara haɗa kai don aikin alheri ba. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, Allah Ya jiƙanta, jajoji kan tattaro mata daga ƙauyuka, watau 'Yan Taru, su je ɗaukar karatu ɗauke da sadakarsu, sa'an nan su komo su karantar da 'yan'uwansu. Har yau da wuya a sami gari babu irin wannan ƙungiya, ko da ba ta da suna balle ofis. Ran kasuwa kowace ta kawo zubinta. Da shi ake ɗaukar mota a kai mai naƙuda asibiti, a sayi likkafani idan an yi rashi, a yi wa makarantar Islamiyya tabarmi, a ranta wa wadda rumbunta ya ƙare tsakiyar damina.

Kuɗin kuwa yawanci yana cikin kwalla a ɗakin wata dattijuwa wadda kowa ya shaida tsoron Allahnta. To, a nan tambaya take: ya dace matar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba ta ce mata, "Inna, nawa ya rage?" Jama'a da yawa za su ce rashin kunya ne, wai wanda aka amince wa ba a bin sawunsa.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma shari'a ba ta tafi a kanta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, tare da kafa shaidu, kuma dalilin da ta bayar shi ne kawar da shakka. Mafi yawan malamai sun ɗauki umurnin a kan mustahabbi, gama ayar da ke biye ta yi sauƙi ga waɗanda suka amince wa juna. Duk da haka, mutanen da aka fara yi wa umurnin Sahabbai ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya komo aka yi lissafi da shi, har aka tsawata masa kan abin da ya ware da sunan kyautar da aka yi masa. In Sahabi ya zauna an ƙirga abin da ke hannunsa, ina wadda lissafi zai zubar wa girma?

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ma'ajiya ce ta fi kowa bukatar rubutun. A Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka sani sarai, an bayyana cewa mai ajiya in ya ce ajiyar ta salwanta, gaskata shi ake yi, ba ya biya sai in ya yi ta'addi a kanta. Hukuncin alƙali ke nan. Bakin gari kuwa ba ya bin Risala. A farkon 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka zama abin gudu a kasuwa na 'yan makonni. Ma'ajiyar da ta yi hasara a wannan rikici ba ta da laifi, amma in babu littafi, da me za ta nuna nawa ne a kwallar tun farko? Sai a yi shiru a gabanta saboda kunya, a koma bakin rijiya ana raɗa. Kunyar da ta hana tambaya ba ta hana zato, alhali zaton shi ne Suratul Hujurati ta yi gargaɗi a kansa.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan santsi. Sau da yawa ma'ajiya ba ta ci ko kwabo ba, sai dai ta ɗan juya kuɗin, ta sayi gyaɗa da kaka da niyyar mayarwa. Risala ta ce yin ciniki da ajiya makaruhi ne, ko da yake ribar ta mai juyawar ce in ajiyar tsabar kuɗi ce. In kuwa aka faɗi, ita za ta biya. Amma asusun gaggawa ya sha bamban da ajiyar mutum ɗaya. Naƙuda ba ta jiran a sayar da gyaɗa. In ƙungiya na son a juya mata kuɗi, sai a yi shi a fili bisa ƙa'idar ƙirali, a faɗi rabon riba tun kafin a fara, a bar wani kaso ba a taɓa ba.

Rashin ilmin boko ba hanzari ba ne. Ajami ya isa, kuma a kowace unguwa akwai 'yar Islamiyya da za ta riƙe littafi na naira kaɗan. Ɗaya ta riƙe kwalla, wata ta riƙe littafi, a ƙirga a gaban kowa duk ƙarshen wata. Ya fi kyau ma'ajiyar da kanta ta nemi a yi haka tun ranar da aka miƙa mata kwallar, domin a lokacin babu wadda za ta ce da ita ake.