Tsohon masallacin da muka bar wa awaki

Duk wanda ya saba zagaya ƙauyukan Kurfai, a nan Nijar, ya san wannan abu. Ga sabon masallaci na bulo da siminti, an rufe shi da kwano, lasifika na kan hasumiya. Taku kaɗan daga nan kuma ga tsohon na ƙasa a rufe, indararo ya karye, azara ta leƙo waje, awaki na kwana a inuwarsa. Ba wanda ya rushe shi. An dai daina yi masa yaɓe, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Wani zai ce laifin ƙasa ne, da dutse aka gina shi da bai lalace ba. To, a dubi Kilwa.

Kilwa Kisiwani tsibiri ne a gaɓar tekun Indiya, kudancin Tanzaniya. Zinariyar da ake haƙowa a ƙasar Zimbabuwe ta yanzu takan sauko Sofala, fataken Kilwa su ɗauke ta a jirage, da haka garin ya yi arziki. Babban masallacinsa da dutsen murjani na teku aka gina shi. Sashen farko rufinsa shimfiɗaɗɗe ne, ginshiƙan itace ke riƙe da shi. A farkon ƙarni na 14, zamanin Sarki Hasan ɗan Sulaimanu, aka faɗaɗa shi ta kudu, aka jera ginshiƙai, aka ɗora musu bakan gizo, aka rufe sama da ƙubbobi masu yawa. Maginin gargajiya na ƙasar Hausa in ya shiga ba zai yi baƙunta ba, don shi ma da bakan gizo yake ɗaukar nauyin soro. Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda daga baya ya taka Takadda a ƙasarmu ta Nijar, ya sauka Kilwa a 1331, ya yabi kyan garin da kyautar sarkinsa.

A 1505 Turawan Fotugal suka ci garin da yaƙi. Ciniki ya karkata wani wuri, mutane suka riƙa raguwa, sahu ya watse. Yau bangaye da wasu ƙubbobin na nan tsaye, hukumar UNESCO ma ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1981, amma masu yawon buɗe ido ne ke shiga da fita. Dutse ya daɗe, sai dai bai iya riƙe jama'a ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mutanen Kilwa yaƙi da karyewar ciniki suka raba su da masallacinsu. Mu fa? Muna nan, jikokin waɗanda suka kwaɓa ƙasar suna garin, kullum muna wucewa ta gabansa. Wannan shi ke yi mini ciwo. Ban ƙi sabon gini ba, jama'a ta ƙaru, dole a faɗaɗa. Amma wurin da kakanninmu suka ɗora goshi shekara da shekaru ya fi ƙarfin zama turken dabbobi.

Kuma ba sai mun je nesa neman dabara ba. Maƙwabtanmu na jihar Tawa sun nuna hanya. A Yama, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar yabon Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, da tsohon masallaci ya tsufa, ba a ture shi ba. Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa, aikin ya kammala a 2018. Yara su yi karatu a nan, in an kira salla su tsallaka can.

Abin da aka yi a Dandaji bai fi ƙarfin garuruwanmu na Kurfai irin su Filinge ko Shikal ba. Tsohon masallaci zai iya zama makarantar allo, ko wurin karatun manya da dare, ko ma'ajiyar littattafan malaman da suka riga mu, waɗanda gara ke ci a cikin buhuna. Liman da mai gari da samarin unguwa, ku sa ranar gayya tun rani bai ƙare ba. A kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo kafin ruwan farko ya sauka.