Shin Barin Tsiro Aiki Ne?

A ƙasashen Masar da Sudan akwai wani ɗan wake da ake kira turmus, wanda ba ya ciyuwa sai an jiƙa shi kwanaki ɗacinsa ya fita. Danginsa na daji kuwa, masu shuɗin fure, da kansu suke fitowa a jigayin Amurka ta Arewa, kuma masu lambun can da sha'awar furen ta sa suke raya shi a gidajensu sun daɗe da sanin cewa ƙwayarsa ba ta saurin tsira sai an kankare ɓawonta, sa'an nan idan ya kafa saiwa ba ya yarda da dashe. Wanda ya tashi a ƙasar Maraɗi ba zai yi mamakin wannan ba, domin haka ɗabi'ar gawo take: shi ma dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma sun fi tsira bayan sun ratsa cikin akuya.

Mas'alar da ta dame ni game da irin wannan itace mai fitowa da kansa ita ce ta lada. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi, kuma manomin zogale na fadamar Jiratawa, wanda ya yi huɗa, ya shuka, ya biya kuɗin ban ruwa, babu mai jayayya a kan cewa ya shiga cikin wannan bushara. To, amma manomin tudu na karkarar Tibirin Gobir fa, wanda bai shuka gawon gonarsa ba, iyakacin abin da ya yi shi ne ya ɗage gatarinsa ranar sassabe?

Ba ƙaramar tambaya ba ce, idan aka dubi yawan mutanen da ta shafa. A shekarar 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, bayan yawancin itatuwan da aka dasa sun mutu, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace bazara kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada barinsu, kuma wannan sassaben zamani ya yaɗu har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya rayar da itace kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Malaman usulul fiƙihu sun yi bahasi a kan ko bari aiki ne, kuma da yawansu sun tafi a kan cewa kame kai daga abin da mutum yake da ikon yi, bisa sani da niyya, aiki ne da ake sakawa a kansa. Ni a nan na tsaya, kuma hujjata azumi ce, wanda dukkansa kamewa ne, amma ba wanda ya ce mai azumi bai yi kome ba. Mutumin da gidansa ba itacen girki, ga tsiro a gabansa, ga gatari a hannunsa, ya zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, ya yi shekaru yana tsaronsu daga awaki da ɓarayin itace, wallahi ya yi mujahada da ransa fiye da yadda ido yake gani. Tsirarwa dai ta Allah ce a Jiratawa da Tibiri baki ɗaya. Abin da bawa ya mallaka shi ne kasabi da riƙon sababi.

Sai dai akwai sharaɗi, shi ne zaɓi. An ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo, daga baya kuma dokar gandun daji ta mayar da itatuwa kamar dukiyar hukuma, har manomi ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tarar malaman daji. Itatuwan ba su dawo da yawa ba sai da aka sassauta dokar, manomi ya tabbata cewa abin da ya bari shi da 'ya'yansa ne za su mora, lamarin da dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa.