Alhakin Jahilcin 'Ya Mace Yana Wuyan Wa?



Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da za mu duba a wannan mako ta taso ne daga wani ƙagaggen labari da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta fitar a shekarar 1990, mai suna Wa Zai Auri Jahila? Labarin wata yarinya ce 'yar ƙauye, Abu, wadda mahaifinta ya cire ta daga makaranta tun tana ƙarama. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawarin aure ya yi karatu mai zurfi, da ya dawo sai ya ce shi kam ba zai auri jahila ba. Uban, don haushi da gudun abin kunya, ya ɗaura mata aure da wani attajiri sa'an mahaifinta ba da son ranta ba. Sai da ta sha wahala, ta gudu birni, ta koma karatu, kafin ta san daɗin duniya.

Wani zai ce, me ya kawo littafin hira cikin filin addini? Gaskiya ne ba a ɗaukar hukunci daga ƙagaggen labari. Amma labari madubi ne, kuma ita marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara goma sha uku ko kusa da haka. Saboda haka abin da ta nuna mana, abu ne da ke faruwa a gidajenmu.

To, a cikin mutanen nan uku, watau yarinya da saurayi da uba, wa ke da laifin jahilcin? Saurayin ya yi rashin kirki, amma jahilcin ya tarar da shi ne. Yarinyar kuwa ba ita ta fitar da kanta daga makaranta ba, kuma ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ya rage uba. Hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito ya kamanta kowane magidanci da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin da ya hana garkensa ruwa ba shi da bakin zargin garken da rama.

Mu dubi abin da muke nema daga 'ya mace. Tun tana shekara shida ko bakwai ake ɗora mata goyon ƙane, da ɗebo ruwa, da shara, da wanke-wanke, a wasu gidajen har da talla. Ana koya mata kunya da kawaici da sunkuyar da kai. Ranar da za a kai ta ɗakin miji, nasihar ba ta wuce haƙuri da “yi, na yi, bari, na bari.” Waɗannan halaye ne masu kyau, babu mai hankalin da zai raina su. Amma ita wannan yarinyar ce Shari'a ta wajabta wa sanin hukuncin tsarki da haila da biƙi da salla da azumi da idda. Wa ya zauna ya karantar da ita Ahalari ko Ishmawi? Ita ce kuma muke so ta yi wa 'ya'yanmu tarbiyya. Mun hana ta iri, sa'an nan mun zo da kaka muna tambayarta ina rumbu.

Wannan kuka ya girmi littattafan zamani. A cikin littafinsa Nurul Albabi, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman ƙasar Hausa da suke karantar da almajiran waje safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ya kuma gargaɗi mata da kada su ruɗu da masu yi musu wa'azin biyayya ga miji ba tare da sun koya musu biyayya ga Allah da Manzonsa ba. Abin da ya faɗa da baki, ya aikata shi a gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, alhali tana matar aure a gidan Waziri Giɗaɗo, tana kuma da 'ya'ya. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa mai amana a matsayin jaji, ta sa mata malfa, jajin ta kawo matan ƙauyuka su koyi addini ta hanyar waƙoƙi, su koma su koyar da waɗanda ba su sami fitowa ba. Ilminta bai rage mata kunya ba, bai kuma kashe mata aure ba.

Sai dai kada mu yi wa iyaye rashin adalci. Yawancinsu tsoro ne ya sa su, watau tsoron kada yarinya ta lalace a hanyar makaranta, ko ta yi girman kai, ko ta daɗe ba ta sami miji ba. Tsoron nan yana da tushe. Amma maganinsa shi ne a gyara makarantun, a yawaita malamai mata, a kyautata Islamiyyu, iyaye su sa ido. Lokacin da matan sahabbai suka yi kukan cewa maza sun rinjaye su a wurin karatu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ware musu rana ya yi. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ashe kunyar da ke hana tambaya a kan farilla ba ita ce kunyar da Musulunci ya yaba ba.

Haka nan batun aure. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma an ba shi ikon ne domin ana kyautata zaton ya fi kowa tausayinta, kuma malamai ba su yarda ya yi amfani da shi wajen cutar da ita ba. Buhari ya ruwaito cewa Hansa'u 'yar Hizamu, wadda bazawara ce, ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba ta so, Annabi ya warware auren. Ta iya kai ƙara ne domin ta san tana da hakki. Yarinyar da ba ta san hakkinta ba, shirunta yana iya zama yarda, yana kuma iya zama tsoro, kuma uban da ke tsoron Allah zai bincika ya san wanne ne.

Akwai kuma gobe. A wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, Hajiya Balaraba ta kawo labarin Rabi, wadda miji ya saka da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Miji yana mutuwa, aure yana mutuwa, dukiya tana ƙarewa. Ilmi da sana'a su ne guzurin da ba a ƙwace wa mace. Ban da wannan, mutumin da ya hana 'yarsa karatu shi ne zai kai matarsa asibiti ya ce lalle sai mace ce za ta duba ta. 'Yar wa yake so ta zama likitar? Samar da likitoci da ungozomomi da malamai mata farilla ce ta kifaya, idan kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

Saboda haka, ya kai magidanci, kafin ka kira wata mace jahila, ka leƙa gidanka. Suratut Takwiri ta ba mu labarin ranar da za a tambayi yarinyar da aka binne da rai a kan wane laifi aka kashe ta. Allah ya raba mu da waccan ɗabi'a ta Jahiliyya. Saura mu ji tsoron ranar da 'ya'yanmu mata za su tsaya su ce ba a koya musu yadda za su bauta wa Ubangijinsu ba.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, ya shirya mana zuriya, maza da mata. Amin.